Ɗorin Da Kawu Bai Dawo Ya Sassauta Ba

Mu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma. Kawu ya riga mu kama hanya. Ya rasu ana tsakiyar noman rani, tumatir ya fara ja a gonaki, bayan sallar azahar, yana zaune a kan buzunsa a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Bai yi jinya ba. Wani mai wucewa ne ya yi ta yi masa sallama bai amsa ba, sannan aka gane. Bayan la'asar muka sallace shi muka kai shi.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, kuma shi ne maɗorin wannan yanki. Daga ƙauyukan Bunkure har bakin titin Garun Mallam, duk wanda ya karye ko ya goce ko ya yi targaɗe, ƙofarsa ake nufa da shi. Yana ɗora hannu ma, amma ƙafa ce aikinsa, domin a nan ƙafa ce ke shan wuya: santsin kanal ɗin ban ruwa, babur, keken shanu, lauje lokacin yankan shinkafa.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na zauna makoki da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Daga inda nake ina hango masu zuwa a kan gaɓar kanal, sun jeru, kuma da wuya ka ga mai tafiya daidai a cikinsu. Wannan yana ɗan karkata hagu, wancan yana jan diddige, wani sai ya tsaya ya hutar da gwiwa sannan ya ci gaba. Mutanen da muke haɗuwa kullum a kasuwa da masallaci ne, amma ban taɓa lura da tafiyarsu ba sai da suka hau hanya ɗaya.

Na shiga ciki in gaida Inna, matar Kawu. Ɗakin da take takaba bangonsa ɗaya da zaure. Na same ta a lulluɓe, carbi a hannu, ta karkatar da kunne wajen bangon.

"Cinyar Madobi ce ta iso," in ji ta. "Wadda keken shanu ya bi ta kai."

Na fita na duba. Shi ne kuwa, yana cire takalmi.

Da na dawo ta ce, "Ga gwiwar mai injin casa nan. Wanda ke biye da shi ban san shi ba, ƙafarsa lafiya lau."

Haka Kawu yake, ba ya riƙe sunan mutum, ƙashinsa yake riƙewa, kuma Inna ta ɗauka a wurinsa tun tana amarya tana narka masa man shanu. Ni kaina Idon Sawu yake kirana, saboda faɗowar da na yi daga mangwaro ina yaro. Gemuna ya yi fari fat, jikokina suna ji, bai canza ba.

A waje wani dattijo ya naɗe wando, ya kama hannun na kusa da shi ya ɗora a kan wani ɗan tudu a ƙwaurinsa.

"Taɓa nan. Nan ya haɗa. Idan hadari zai haɗu nan ke fara gaya min. Jiya babu hadari, amma tun azahar yake min zogi."

Wasu suka kalli juna. Mai injin casa ya shafa gwiwarsa ya ce shi ma. Liman ya yi gyaran murya ya ce a bar wannan zance a yi wa mamaci addu'a. Wata Bafulatana da ta saba kawo wa Kawu man shanu ta zo da ƙwaryarta, labarin bai kai rugarsu ba. Ta ga tabarmi, ta tsaya. Sannan ta ajiye ƙwaryar a kan buzunsa ta juya.

Duk wannan ana yi ne da wani sauti a bayanmu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Kawu da gidan ƙanena, kuma nishi ke fitowa daga bayanta. Wani lokaci ya yi ƙasa, wani lokaci ya tashi ya zama kiran sunan Allah. Idan ya tashi sai mai addu'a ya ƙara ɗaga murya. Ba wanda ya waiwaya. Kowa ya san ƙafar wa ce, kowa ya san wanda ya ɗaure ta.

Da safiyar ranar da Kawu zai rasu ne ƙanena ya ɗaura injin ban ruwa a bayan babur ya bi gaɓar kanal. Ruwa ya zaizaye gaɓar a wani wuri, babur ya zame, injin ya sauka a ƙwaurinsa na hagu. Ƙashi biyu suka tafi, babban da kuma siririn da ke gefensa, wanda Kawu ke kira ɗan rakiya. Fata ba ta tsage ba. Ni na danne masa kafaɗu, Kawu ya ja ƙafar, ya bi ƙashin da manyan yatsunsa har ya zauna, ya shafa mai, ya jera kara, ya ɗaure da tsummoki da aka yago daga wani tsohon shuɗin zane na matar ƙanena.

Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Kumburi bai gama tasowa ba. Bayan la'asar zan dawo in sassauta. Kada kowa ya taɓa min."

Bayan la'asar muna ɗauke da shi a makara.

Wannan magana ta kada a taɓa masa, kowa ya ɗora yana faɗa masa ita. Ka'ida ce da muka taso muka tarar: ɗaurin maɗori, maɗori ke kwancewa. Tun muna yara ake nuna mana wani mutum da ƙwaurinsa ya lanƙwashe kamar baka, ana cewa ƙaiƙayi ya dame shi ya kwance da kansa. Amma ba mu taɓa tambayar yadda ake yi idan maɗorin ya mutu ba.

Kawu ba ya kallon fuska. Idan ka yi masa sallama, ƙasa yake duba, ya amsa wa ƙafafunka. A masallaci ya taɓa dafa wani baƙo bayan an idar ya ce masa, "Wa ya ɗora maka wannan? Ya bar ka da gajarta." Mutumin ya ce tun yana goye aka yi.

Yana da abubuwan da yake yi waɗanda sai ka gani sau da yawa kake gane dalilinsu. Idan aka kawo mai karayar cinya, kafin ya taɓa cinyar sai ya ja fatar idon mutumin ya duba, ya duba leɓe. Yakan ce cinya rijiya ce, tana shanye jinin mutum ba a ga ɗigo a waje ba. Idan ya ga fari, ba ya ɗori, mota yake sa a nema. Wanda ya taka kunyar fangali ƙafarsa ta juya ciki, sai ya danna masa ƙarshen ƙasusuwan idon sawu, sannan ya ce tashi ka taka. In ka taka, ko da ɗingishi, sai ya ce targaɗe ne, je ka ɗaga ƙafa ka daina cika mana kunne. Wanda ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan diddige alhali ba kowa a bayansa, sai ya kifar da shi rub da ciki ya matsa sharaɓarsa. Idan tafin ƙafar ya gyaɗa, agara tana nan. Idan ya tsaya cak, ta tsinke. Samari masu ƙwallo da ke zuwa da gwiwa a kumbure, suna cewa sun ji ƙara a ciki kuma gwiwar tana kuɓuce musu, yakan ce musu igiyar ciki ce, shi kuwa ba shi da allurar da za ta kai can. Ƙasan gwiwa ta waje akwai wurin da kullum yake tura auduga kafin ya jera kara. Ya ce wata jijiya ce ke kwance a kan ƙashi a nan ba ta da bargo, in ka danne ta mutum zai warke yana sharar ƙasa da yatsu. Karayar da ƙashi ya leƙo waje kuwa, karaya mai baki yake ce mata, zai rufe ta da tsumma mai tsabta ya ce a wuce birni. Ko kuka za a yi masa ba ya ɗaure ta.

Sai kuma ɗakin kara. Wani ɗan ɗaki ne a bayan rumbu. Duk wanda Kawu ya ɗora, sai ya yanko karan dawa daidai tsawon ƙashin, ya karya shi daidai inda ƙashin ya karye, ya ɗaure da ragowar tsumman da ya ɗaure mutumin, ya je ya jingine a ɗakin. Ba ya taɓa ɗaurin mutum sai ya fara taɓa na karansa. Ranar da mutum ya taka ƙasa, sai ya kwance karan ya sake shi a ruwan kanal. Ba wanda ke shiga ɗakin sai shi. An ce wata shekara akuya ta tura ƙofar ta zubar da karan, kuma kafin azahar an aiko daga gidajen da ke nesa da juna cewa masu jinya suna ihu. Ban gani da idona ba. Na tambayi Inna, ta ce akuyar dai an yanka ta.

A kan ɗakin nan muka yi rigimar da ta fi kowace tsanani tsakanina da shi. Ina saurayi na fara zuwa wa'azi a Kura, kaina ya yi zafi. Na same shi a gaban mutane na ce masa karan nan tsafi ne, ya tuba ya ƙone su. Bai ɗaga kai ba.

"Idon Sawu, ka taɓa jin na kira wani suna a kansu ban da na Allah?"

Na ce ban ji ba, amma me kara zai yi wa ƙashi?

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da guda ɗaya ya miƙa min. "Ba abin da zai yi. Karya."

Na karɓa. Ina shirin lanƙwasawa na ga tsumman. Na san zanen. Mahaifiyarmu a lokacin tana kwance, ta zame a bakin rijiya idon sawunta ya karye. Na tsaya da karan a hannu, mutane suna kallona. Ya bar ni na daɗe a haka, sannan ya karɓe a hankali da hannu biyu kamar mai karɓar jariri.

"Je ka ƙara karatu," ya ce. "Ni ma ban gama ba."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Ni ma ban taɓa komawa na ce masa komai a kai ba, ko na ba da haƙuri ko na tambaya. Yanzu da na so tambaya babu shi.

Akwai wata tsohuwa a unguwar gabas da ta faɗi a banɗaki. Kawu ya tsaya daga bakin ƙofa ya ga ƙafar ta gajarce, tafin ya kwanta waje. Ya ce wuyan cinya ne, can cikin ƙugu, inda kara ba ya kaiwa, a kai ta birni. Tsohuwar ta ce ba inda za ta, a ɗakinta za ta mutu. Sai ya naɗa mata tsumma sako-sako don hankalinta ya kwanta cewa an yi mata aiki. Kullum da safe yana zuwa ya juya ta da hannunsa, ya koya wa 'ya'yanta mata yadda za su riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ya zauna tana zaginsa cewa ɗorinsa ba ya ci, yana cewa ta yi haƙuri, tsufa ne ya kama shi. Haka har ta rasu. Daga baya aka lura bai yanka mata kara ba. Tun daga nan, idan ya gama ɗori, dangin mai jinya hannunsa suke kallo. Sai sun ga ya nemi kara suke numfashi.

Ƙanena an yanka masa kara. Ina tsaye aka ɗaure shi tamau da ragowar shuɗin zanen.

Da rana ta yi tsaka a ranar farko ta zaman makoki, na zagaya na shiga wurinsa. Gumi ya jiƙa tabarmar.

"Yaya, ba wurin karayar ba ne. Duk sharaɓar ce. Kamar ana hura min iska a ciki, ba wurin fita."

Matarsa ta ɗan taɓa masa yatsa don ta gyara tsumma, ya yi ƙarar da ta sa kaji suka watse. Tsofaffin matan da ke tsakar gida suka ce ba abin mamaki ba ne, ƙafar ce ta ji mutuwar mai ɗaurin, a yi haƙuri za ta lafa. Matar ta biyo ni har zaure ta durƙusa.

"Yaya, ko a ɗan sassauta masa?"

Na aika aka kira min taubashina, babban ɗan Kawu, wanda ke tuƙa adaidaita sahu tsakanin Kura da birni. Ni da shi muka wanke Kawu tare da liman, kuma tun daga wankan ba mu haɗa ido ba. Babban yatsan hannun Kawu na dama a danne yake a kan manuni, kamar yana bin ƙashi. Mun miƙar da shi ya koma, mun sake miƙarwa ya koma, a haka aka sa shi a likkafani.

Na ce, "Kai ne magaji. Zo ka sassauta."

"Bawana, yaushe ɗan mace ya fara ba ɗan namiji umarni? Ni tayar adaidaita kaɗai na iya kwancewa. Baba bai ba ni ba, ya ce hannuna yana da gaggawa."

"A akushi kam yana da ita."

Ya ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya domin nishin ya sake tashi. Ya rage murya.

"A gabanka ya ce kada kowa ya taɓa. Kai da ka ce tsafi ne, ga ka ga ƙafar. Kwance mana."

Ban kwance ba. Na ce a bari a yi sadakar uku, sannan a nemo wani maɗori daga wajen Madobi, masu sana'a su suka san yadda suke karɓar aikin juna. Na sa aka sayo ƙwayar kashe zafi a kemis. Ni ne babba a wurin, maganata aka bi.

Washegari da safe muka zauna a tabarmi, bayan katanga shiru. Har ana jin kukan kurciya da ƙarar injunan ban ruwa daga nesa. Masu makoki suka saki jiki, wani ya ce alhamdu lillahi ta lafa, wani ya ce ai albarkar mamaci ce. Ina ɗakin Inna matar ƙanena ta shigo da fara'arta.

"Inna, an samu sauƙi. Ya daina jin zafin, har kunu ya sha."

Carbin Inna ya tsaya. "Ya ragu ne, ko ya ɗauke?"

"Ya ɗauke gaba ɗaya."

"An sassauta ɗaurin?"

"A'a, ba wanda ya taɓa."

Inna ta yaye lulluɓin daga fuskarta ta dube ni. Tun rasuwar ban ga idonta ba.

"Ni ina jin nishin jiya na ɗauka kun sassauta, ciwon karaya ne kawai. Kawunka bai taɓa tsoron ƙafar da ke ihu ba, wadda ta yi shiru yake tsoro. Ba ni da halin fita. Je ka matsa farcen babban yatsa ka saki, ka ga ko jini zai dawo. Ka sa yatsa a gadon ƙafar da bayan idon sawu ta ciki, ka ji ko tana bugawa. Ka tafi da ƙaya."

Na sami ƙanena a jingine da bango, fuska a sake.

"Yaya, ka ga Kawu bai manta da ni ba. Yanzu damuwata tumatir. Yau ne ranar ruwanmu, in ba a buɗe wa fangalin ƙasa ba za su ƙone."

Na ɗaga zanen da aka rufe ƙafar da shi. Yatsun sun kumbura sun yi launin ɗinya. Na taɓa, sanyi kamar gindin randa. Na matsa farcen na saki, bai canza ba. Na nemi bugun a inda Inna ta ce, sai bugun yatsana nake ji. Na soka ƙayar a babban yatsa, na ƙara turawa. Yana ta ba ni labarin wanda zai iya aron bututu a wurinsa. Ƙuda ya sauka a kan yatsan ya zauna.

Taubashina da ya gani bai yi wasa ba. Ya ce a kwance, amma Baba ba ya taɓa na mutum sai ya taɓa na kara, kuma shi ba zai shiga ɗakin ba. Ba mu da lokacin gardama. Na zagaya bayan rumbu na tura ƙofar.

Hantsi ne, hasken rana ya shiga har bango. Ɗakin yana warin man shanu da ƙasa. Karan ba su da yawa, na waɗanda ba su taka ba tukuna ne kaɗai, kowane a jingine da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, kamar mutane a sahu. Na ƙarshe shi ne mai shuɗin tsumma. Na durƙusa na kai hannu, na tsaya. An riga an sassauta shi. Ba kwancewa ya yi da kansa ba. An warware, an sake naɗawa sako-sako yadda yatsa zai shiga, an ƙulle da irin ƙullin da Kawu ke yi, wanda yake ja da haƙori.

Na fito na ce wa taubashina an gama da karan. Na sa reza na yanke tsummokin ɗaya bayan ɗaya. Karan ɗorin sun nutse cikin nama sun bar layuka, tsakaninsu fata ta yi bororo, sharaɓar ta yi tauri tana ƙyalli. Ƙanena ya leƙa ya gani, sannan ya daina zancen tumatir. Muka kwantar da shi a adaidaita, taubashina ya ja mu zuwa birni.

A asibitin ƙashi wata likita ce ta karɓe mu, mace mai ƙaramar murya. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce naman sharaɓa yana cikin wasu jakunkuna ne masu tauri da ba sa buɗewa. Idan ƙashi ya karye naman yana kumbura a ciki, idan kuma an matse daga waje sai hanyar jini ta toshe, nama da jijiya su fara mutuwa. Zafin da ya wuce misali shi ne gargaɗi, ɗaukewarsa kuwa alama ce jijiyar ta gama. Na gane, domin na san yadda fangalin ƙasa ke yi idan an toshe ruwa daga sama. Ta ce sabuwar karaya ko a hannun wa take, matsewa haɗari ne, kuma ba a jira da ita.

Na ce, "Da jiya muka kwance fa?"

"Da jiya kuka kwance kuka kawo shi, da muna da abin gwadawa, Baba. Shi ma ba alkawari ba ne."

Sun tsaga sharaɓar sun duba, ba su sami nama mai rai ba. Suka yanke daga ƙasan gwiwa.

Aka ba mu ƙafar a naɗe, muka dawo da ita gida. Liman ya ce ba a yi wa gaɓa salla, a sa ta a farin ƙyalle a rufe. Mai haƙa ya ce ƙasa ta yi tauri ko'ina sai wurin da aka jiƙa kwanan nan, don haka ya haƙa dab da Kawu.

Na tambayi Inna zancen karan. Ta ce tun da ya jingine shi da safe ya ja ƙofa, bai sake shiga ba. Tana tsakar gida tana sheƙar shinkafa har aka shigo da labarin, da ya koma ɗakin, ta gabanta zai wuce. Na ce to wa ya sassauta? Ta ce ba ta sani ba, ta mayar da lulluɓinta.

Yanzu na fara jin ana cewa a kasuwa ɗorin Kawu na ƙarshe ya ci ƙafa. Wannan ne ya sa na zauna na rubuta. Mutumin nan ya ce zai dawo ya sassauta, kuma bai taɓa cewa zai dawo ya fasa ba sai ranar. Mu da muka rage muka riƙe rabin maganarsa muka saki rabi.

Da aka sallamo ƙanena, ciwon ya dawo masa a ƙafar da babu. Yana zaune yana kallon dungun, yana cewa ɗaurin yana nan tamau, yatsun suna masa raɗaɗi. Likitar ta gaya mana hakan na faruwa, jijiyar da aka yanke ba ta san an yanke ba, a hankali yake raguwa. Ya sha magani, bai ragu ba. Ya rame, ya daina wasa da kowa. Wata rana ya kama rigata.

"Yaya, kun miƙar da ita kuwa da za ku rufe? Ko a lanƙwashe kuka sa ta?"

Na rantse masa a miƙe take. Na je na gaya wa Inna.

"Ina kuka sa ta?"

"Kusa da Kawu."

"Ta gabansa ko ta bayansa?"

"Ta gabansa."

Ta ja carbi ta ce, "To ku ƙyale."

Ni nake buɗe wa gonarsa ruwa yanzu. Ranar nan na dawo da laka har gwiwa na biyo ta gidansa, na same shi a ƙofar ɗaki ya ɗora dungun a kan matashi, yana cin gyaɗa.

"Yaya, an sassauta."

"Wa ya sassauta?"

"Ban tambaya ba. Ina zaune a nan da rana tsaka, idona biyu. Na ji ana warwarewa a hankali, zagaye bayan zagaye, daga idon sawu zuwa sama. Da aka gama aka matsa min babban yatsa aka saki."

Na san mamaci ba ya aiki, kuma na san abin da likita ta faɗa. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na ga ya miƙo min gyaɗar. Na karɓa na zauna kusa da shi.

Allah ya gafarta wa Kawu abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya gafarta mana namu. Allah ya buɗa masa makwanci, kada ƙasa ta matse shi.